Farauta: Shin Yaushe Ya Dace A Miƙa Wa Yaro Bindiga?

A kowace shekara da zarar an rufe makarantu a watan Yuni, tashoshin motar Duwala kan cika da 'ya'yan Hausawa da Fulani masu tafiya hutu gida, wasu Ngaundare, wasu Garwa da Marwa, wasu ma har Mubi, Yola ko Kano. Yaron da ya tashi a New Bell ko Ndogbong, wanda bai taɓa ganin zomo ba sai a keji, yakan je ƙauyen kakanninsa ya tarar da sa'anninsa suna yawo da danƙo a wuya, ya ga bindiga rataye a ɗakin kawunsa, ya sha labarin barewa da gada a bakin tsofaffi. Idan ya dawo, maganarsa ɗaya ce: "Baba, a saya mini bindiga." To yanzu kuma ga wayar salula ta zo ta ƙara wa wutar fetur, domin yaran suna kallon 'ya'yan Turawa 'yan shekara goma suna ɗaukar hoto da dabbar da suka harbe.

Uban da ya gaji farauta, wanda neman abinci ya kawo shi bakin teku, ba ƙaramin daɗi wannan roƙo yake yi masa ba, domin dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hausawa sun daɗe a New Bell, unguwar da ta samo asali a ƙarshen mulkin Jamusawa, wajen shekarar 1914, lokacin da suka ƙwace filayen 'yan asalin Duwala na bakin kogin Wouri, daga baya ta zama matattarar baƙi. Fatauci da fawa da sayar da tsire ne suka zaunar da kakanni a nan, kuma da yawa suna jin tsoron kada 'ya'yansu su tashi ba su san komai na gida ba. Sai dai kuma kafin uba ya sa hannu a aljihu, akwai abubuwan da ya kamata ya auna, domin kuskure ɗaya a wannan harka yana iya jawo asarar ido, ko ta rai, ko kuma zaman gidan kurkukun da ke nan cikin New Bell ɗin.

Yadda magabata suka yi

Idan muka waiwayi yadda maharban ƙasar Hausa ke rainon 'ya'yansu, za mu ga cewa bindiga ita ce abu na ƙarshe da ke shiga hannun yaro. Da farko aikinsa shi ne riƙon goran ruwa da jan kare da ɗaukar naman da aka kashe. A nan ne yake koyon tafiya ba tare da taka busasshen kara ba, da gane inda iska ke kaɗawa, da bambanta sawun gada da na akuya. Daga nan sai ya koyi ɗana tarko da asuwaki don kama fakara da zabon daji, ya riƙa jifan kurege da zomo da gora. Sai ya ƙware a wannan ne ake ba shi ƙaramin baka da kibiyar da ba ta da dafi. Kwari mai dafi da bindiga kuwa sai saurayin da ubansa ko maigidansa ya shaida hankalinsa, kuma Sarkin Baka na garin ya san da zamansa.

Hikimar wannan tsari a fili take. Kowane mataki yana ɗaukar shekaru, kuma a kowane mataki ɓarnar da yaro zai iya yi daidai take da hankalinsa. Wanda ya yi wasa da gora zai fasa wa ɗan'uwansa goshi ne a ɗaure, amma wanda ya yi wasa da bindiga sai dai a yi jana'iza. Bugu da ƙari, dattawa suna amfani da waɗannan shekaru wajen karantar halin yaro. Mai saurin fushi, da mai son a san shi, da wanda ba ya jin "bari", duk ana gane su tun suna riƙon kare, sai a ja musu lokaci. Har mata ma da suka shahara a wannan sana'a ta wannan hanya suka bi. A'isha Bakari Gombi ta Jihar Adamawa a Nijeriya, wadda duniya ta san ta saboda jagorantar maharba wajen farautar 'yan Boko Haram, tun tana ƙarama take bin manyan gidansu daji kafin ta kai inda ta kai.

Matsalar yaron birni ita ce yana son ya tsallake duk waɗannan matakai a cikin hutun wata biyu. Uban da ya biye masa ya raba shi da ainihin gadon da yake son ya ba shi, wato sanin daji da haƙuri.

Me doka ta ce?

A Kamaru, dokar da ke kula da makamai ita ce mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba, 2016. Ta kasa makamai gida takwas, bindigogin farauta suna rukuni na biyar, kuma ba a saye ko riƙe su sai da izinin hukumar mulkin cikin gida. Wannan izini na baligi ne da aka binciki halinsa, ba a ba ƙaramin yaro. Idan ba a manta ba, a watan Afrilun 2018, lokacin da rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya yi tsanani, Ministan Cikin Gida Paul Atanga Nji ya ba da umarnin dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a yankuna shida na ƙasar, ciki har da Littoral inda Duwala take, da kuma Adamawa. Tun daga lokacin idon jami'an tsaro yake kan duk wani mai bindiga, musamman ƙirar maƙera, domin da irinta 'yan aware suka fara yaƙi.

Izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban. Na biyun yana hannun Ma'aikatar Gandun Daji da Namun Daji. Dokar 20 ga Janairu, 1994 ta raba dabbobin ƙasar gida uku. Rukunin A su ne waɗanda aka haramta kashewa ɗungurungum, kamar zaki da damisa da raƙumin dawa da goggon biri. Rukunin B sai da takardar izini, rukunin C kuma su ne ƙananan da aka sassauta a kansu. A ƙarƙashin waccan doka, wanda ya kashe dabbar da aka kare yana iya shan ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 3 zuwa 10. A ranar 24 ga Yuli, 2024 aka sa hannu a kan sabuwar doka da ta maye gurbinta, wadda ta ƙara tsananta hukunci.

Akwai wani wuri da mutanenmu da yawa ke yin tuntuɓe. Sukan ce ai farautar gargajiya suke yi, ba ruwansu da takarda. Amma dokar aiwatarwa ta shekarar 1995 ta fassara farautar gargajiya da cewa ita ce wadda ake yi da kayan da aka haɗa daga tsirrai, don cin gida kawai ban da sayarwa. Ke nan bindigar toka, komai daɗewarta a gidan mutum, ba ta shiga wannan rangwame ba.

A Nijeriya ma, inda da yawa daga cikin yaranmu ke zuwa hutu, dokar makamai ta 1959 ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisin bindiga, kuma ta ambaci bindigogin da ake ɗurawa ta baki a cikin waɗanda hukuma ke sa wa ido.

Ban da doka, akwai halin da zamani ya shiga. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, gungun mutane sun kashe maharba 16 'yan Arewa, akasarinsu daga Jihar Kano, waɗanda ke kan hanyarsu ta komawa gida bikin Sallah daga Jihar Ribas, bayan da 'yan sintiri suka ga bindigogin toka a motar da suka hau, aka yi musu kallon masu satar mutane. Wannan abin takaici ya isa ya zama darasi ga duk baƙon da ke zaune a kudu. Tsakanin Duwala da Garwa tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, cike da shingayen 'yan sanda da jandarmomi. Uban da ya cusa bindiga a jakar ɗansa ya sa shi a mota ya jefa shi cikin haɗarin da ya fi na daji.

Su waɗanda ake kallo a waya fa?

Dabbar da ake gani yaran Amurka na harbi, wadda masu fassara ke kira barewa, wata iri ce mai ƙaho mai rassa da ke zubewa kowace shekara, kuma babu ita a dazuzzukanmu. A wajen shekarar 1900 an kusa ƙarar da ita da harbi, ta ragu zuwa kimanin dubu 500, amma a yau ana ƙiyasta ta kai wajen miliyan 30. Abin da ya dawo da ita shi ne doka da kuɗi. Tun 1937 ake cire haraji a kan kowace bindigar farauta da harsashi ana zubawa a aikin kula da namun daji, an kuma ƙayyade lokacin farauta da adadin da kowa zai kashe. A 1949 Jihar New York ta fara tilasta wa sabon maharbi ya yi kwas na kiyaye haɗari kafin a ba shi lasisi, sauran jihohi suka bi sahu. Yaron da ke cikin hoton yawanci akwai babba a tsaye a bayansa, kuma dokar tarayya ta 1968 ta hana mai shagon bindiga ya sayar wa wanda bai kai 18 ba.

Duk da haka ba su tsira ba. A watan Afrilun 2013, a Jihar Kentucky, wani yaro ɗan shekara 5 ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara 2 har lahira da ƙaramar bindigar da aka ba shi kyauta, irin wadda ake ƙerawa musamman don yara. An jingine ta ne a lungun ɗaki, mutanen gidan ba su san akwai sauran harsashi a ciki ba. A watan Fabrairun 2006 kuma, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dick Cheney, wanda ya shafe shekaru yana farauta, ya harbi abokinsa a fuska da ƙirji bisa kuskure suna farautar tsuntsaye a Texas. Idan dattijo irin wannan zai yi kuskure, ina ga yaro ɗan aji shida?

Tsarin Faransa ya fi kama da na magabatanmu. A can yaro ɗan shekara 15 yana iya fita farauta bayan ya yi horo, amma tare da babba mai lasisi, kuma bindiga ɗaya ce tsakaninsu su biyu. Sai ya kai 16 ya ci jarrabawa sannan yake samun takardar kansa.

Idan lokacin ya yi, wace iri?

Mu ɗauka yaro ya girma, ya bi matakai, ya kai shekarun da hukuma za ta ba shi izini. A nan ma akwai zaɓi mai kyau da marar kyau.

Mafi araha ita ce bindigar toka, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, kuma ita ce mafi haɗari ga sabon hannu. Maƙeri yakan yi bututunta da fayif ɗin ruwa ko sandar sitiyarin mota, ƙarfen da ba a gwada ƙarfinsa ba. Albarushi da ido ake auna shi, a ɗura ta baki a danna da sanda. Idan aka zuba fiye da kima, ko aka manta aka ɗura sau biyu, ko laka ta toshe bakin, bututun na iya fashewa a daidai inda hannun hagu yake riƙe. Wani lokaci kuma a ja kunama ta ƙi tashi, sai bayan ɗan lokaci ta tashi, daidai lokacin da marar sani ya juyo da ita yana leƙa bakinta. Sannan babu hanya mai sauƙi ta gane ko tana da ɗuri ko babu. Duk wanda ya zauna a ƙauyen maharba ya san masu yatsu uku da masu ido ɗaya.

Bindigar da ta fi yawa a hannun maharban Kamaru ita ce mai lamba 12. Lambar tana rikita mutane, domin ƙaramar lamba ita ce babban baki. Faɗin bututun mai lamba 12 kusan milimita 18 da rabi ne, mai lamba 20 kuwa bai kai milimita 16 ba. Mai lamba 12 tana naushin kafaɗa da ƙarfi, kuma matashin da ya sha wannan naushi a harbinsa na farko yakan koyi rufe ido da zabura kafin ya ja kunama, ɗabi'ar da ke da wuyar bari. Sakamakonta shi ne a raunata dabba ta gudu ta mutu a banza, ko harbi ya tafi inda ba a nufa ba. Shi ya sa masu koyar da harbi suka fi son mai lamba 20 ga mai farawa, kuma mai cin harsashi ɗaya wadda ake karyawa a tsakiya. Amfaninta biyu ne. Idan aka karya ta kowa na ganin cikinta fanko ne, sannan wanda ya san harsashi ɗaya gare shi ba ya harbi da gaggawa.

Tsawon kotar ma abin dubawa ne. Idan ta fi ƙarfin hannun mai riƙo, zai riƙa lanƙwasa baya don ya ɗaga ta, bakin ya riƙa lilo. Kada kuma a raina ƙaramar bindiga mai ɗan siririn harsashi da ake kira 22, domin ƙwayarta na iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ƙarar harbi kuwa takan wuce ma'aunin desibel 140, wanda ya isa ya lalata ji ko da sau ɗaya ne, don haka a toshe kunne. Ƙwayoyin harsashi da darma ake yin su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin darma da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro, saboda haka a yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar.

Wasu iyaye kan ce to bari su saya wa yaro bindigar iska ya riƙa koyo a gida. Mai karatu ya dubi yadda gidajen New Bell suke, ɗaki na jingine da ɗaki, bangon katako, tsakar gida ɗaya ga iyali biyar, yara na wasa ta ko'ina. Ƙwayar milimita 4 da rabi ta isa ta tsiyayar da ido, kuma ta sha kashe ƙananan yara a ƙasashe daban-daban. Unguwa irin wannan ba ta da wurin koyon harbi. Haka nan duk mai bindiga da izini ya ajiye ta a kulle ba ɗuri, harsasai a wani wuri daban, makulli a jikinsa.

Ina barewar take?

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me yaron zai harba? Barewa mai jan goshi da kakanni suka sani a yankin Sahel ta ragu ƙwarai, har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta a jerin dabbobin da ke fuskantar barazana. Wuraren da suka rage mata a Kamaru sun haɗa da gandun Waza, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1968, kuma an hana farauta a cikinsa. Arewacin Kamaru ne mafaka ta ƙarshe ta wani nau'in baƙin karkanda, amma binciken 2006 bai ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ya ƙare a duniya. A farkon 2012 wasu mahara a kan dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Bouba Ndjida. Dajin da za mu bar wa jikoki ke nan idan ba a yi hattara ba.

Shi kansa lokacin dogon hutu, daga Yuni zuwa Agusta, damina ce a Arewa. Ciyawa ta yi tsawo, manoma da makiyaya suna cikin gonaki da daji, zabi suna kwanci, dabbobi da yawa suna da ƙananan 'ya'ya. Maharban gargajiya da rani suke fita, bayan an kawar da amfanin gona. Harbi a cikin duhuwar damina, inda ake ganin motsin ciyawa ba a ganin mai motsin, shi ne kan gaba wajen jawo a harbi mutum a zaton dabba.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Farauta halal ce, kuma Suratul Ma'ida ta yi bayanin abin da karen da aka horar ya kamo. Amma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya nuna cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce. Hadisai ingantattu sun hana nuna wa ɗan'uwa makami, sun hana mayar da abu mai rai abin gwajin saiti, sun kuma hana wasan harba tsakuwa saboda tana fasa ido da karya haƙori. Tsuntsun da dutsen danƙo ya buge ya mutu kafin a yanka shi mushe ne. Yaron da ya san wannan tun yana ƙarami ba zai riƙa harbin ƙadangaru da tsuntsaye don nishaɗi ba.

Shawara ga iyaye

Uban da ɗansa ya roƙe shi bindiga kada ya yi masa tsawa, kada kuma ya biya masa buƙata nan take. Ya nemo masa malami a cikin dangi, dattijon da aka san shi da natsuwa kuma yake da takardunsa, ya tura shi hutun Disamba ya riƙe masa gora da kare. A koya masa abubuwa huɗu har su zame masa jiki: ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai ɗuri, kada ya nuna bakinta ga abin da ba ya nufin kashewa, kada yatsansa ya taɓa kunama sai ya yi saiti, kuma ya tabbatar da abin da zai harba da abin da ke bayansa. Idan son daji ya zauna masa a rai, akwai hanyar da zai mayar da shi aikin yi, domin a Garwa akwai makarantar horar da jami'an kula da namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama ke zuwa.

Shugabannin al'ummar Hausawa na Duwala da limamai su ma suna da rawar takawa, musamman wajen faɗakar da iyaye kafin lokacin tafiya hutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sannu ba ta hana zuwa. Bindiga tana nan a kasuwa duk ranar da yaro ya isa riƙonta, amma idon da ya tsiyaye ba ya dawowa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.